Babi na Shida: Gawayin da Ya Shiga Gona Ba Ya Fita

A dajin Amazon na ƙasar Brazil, inda yawan ruwan sama ya wanke ƙasa har ta koma ja marar ƙarfi, akwai wasu filaye nan da can masu baƙar ƙasa ƙirin, wani wurin zurfinta ya kai mita biyu. Mutanen yankin sun daɗe da sanin cewa shukar da aka yi a kanta ta fi yabanya, har haƙar ta ake yi ana sayar wa masu lambu. Wani masanin ƙasa ɗan Holan, Wim Sombroek, ya yi bayaninta a littafin da ya wallafa a 1966, daga baya masu bincike suka yi mata caa. Sai ta bayyana cewa aikin hannun mutane ne. Mazauna dajin na can da ne suka riƙa zubar da toka da gawayi da ƙashin kifi da ragowar abinci da fasassun tukwane a bayan gidajensu, zuriya bayan zuriya, har ƙasar ta rikiɗe. Wasu filayen sun haura shekara 2000, kuma gawayin yana nan bai ruɓe ba. A 2016 an wallafa binciken da ya nuna akwai irin wannan baƙar ƙasa a kewayen tsofaffin ƙauyukan Laberiya da Gana, ita ma daga juji ta samo asali.

Daga nan aka tsamo dabarar da ake tallata wa manoman duniya a yau, wato gawayin gona, wanda masana ke kira bayoca. Ana ɗaukar kara ko ɓawon gyaɗa ko totuwar masara ko buntun shinkafa ko itace, a gasa shi a zafin digiri 350 zuwa 700 ba tare da an bar iska ta wadace shi ba, sai ya zama gawayi maimakon toka. A farfasa, a zuba a gona. Jikinsa cike yake da ƙananan ramuka da ido ba ya gani, masu riƙe ruwa da taki, kuma yana rage tsamin ƙasa. Kabon ɗin da tsiro ya zuƙo daga iska, wanda da zai koma sama cikin 'yan shekaru in karan ya ruɓe, sai ya kwanta a ƙasa na ɗaruruwan shekaru. Wani lissafi da aka wallafa a 2010 ya ce in an yi abin iyakar yi, zai iya rage kashi 12 cikin 100 na iskar da ke ɗumama duniya wadda ɗan Adam ke fitarwa duk shekara. Kuɗi ma sun shigo ciki: a Janairun 2025 kamfanin Google ya ƙulla cinikin tan 100,000 na kabon da wani kamfanin Indiya mai suna Varaha zai binne ta hanyar gawayin gona.

Amfanin gaskiya ne, kuma babu dalilin musa shi. Sai dai akwai abin da ya raba gawayi da duk sauran abin da manomi ke zubawa a gona. Takin zamani in ya yi yawa, damina ɗaya ko biyu za ta wanke shi. Takin dabbobi ya ruɓe ya wuce. Gawayi kuwa an zaɓe shi ne don ba ya ruɓewa, kuma da zarar garma ta juya shi cikin ƙasa, babu rariyar da za ta tace shi. In mai kyau aka zuba, 'ya'ya da jikoki za su ci moriya. In marar kyau ne, tare da gonar za a raba musu shi gado. Saboda haka dole a tsaya a kan tambaya uku kafin a kwance bakin buhu: me aka ƙona, yaya aka ƙona shi, kuma wace irin ƙasa za a zuba wa.

Me aka ƙona?

Wuta tana cin itace, amma ba ta cin ƙarfe. In aka gasa kilo huɗu na tarkace ya koma kilo ɗaya na gawayi, ruwa da hayaƙi ne suka tafi. Dalma da kuromiyom da jan ƙarfe da ke cikin tarkacen suna nan, sai ma taruwa da suka yi wuri guda, ƙarfinsu ya ninka kusan sau huɗu. Zaiba ce ke bin hayaƙi ta tashi, ita ma ba ɓacewa ta yi ba, hancin mai aikin ta nufa.

Karan dawa daga gona mai tsabta ba shi da wannan matsala. Inda take shi ne kayan da ake samu a banza, waɗanda su ne suka fi jan hankalin mai son riba: busasshiyar lakar najasa daga matatun ruwan birane, tsohon katako mai fenti, katakon da aka jiƙa da maganin gara mai ɗauke da asanik da kuromiyom, da tarkacen masana'antu. A Kano, manyan majemu na zamani da ke Challawa da Sharaɗa da Bompai da gishirin kuromiyom suke jima, kuma bincike da dama ya sami ƙarafa masu guba a ruwan Challawa da na Jakara, wanda masu lambu ke ban-ruwa da shi. Ciyawa ko karan da ya girma a irin wannan wuri ya riga ya sha. Wanda ya mai da shi gawayi ya kai wata gona, gubar ya tattara ya canja mata mazauni.

Akwai kuma bola. Manoman kewayen Kano sun shekara aru-aru suna kwasar shara daga birni a kan jakuna suna kai wa gonakinsu, kuma wannan na cikin abin da ya sa ake noma ƙasar duk shekara ba ta mutu ba. Amma sharar da ta ƙunshi toka da kashin awaki da ɓawon abinci ce. Ta yau akwai leda da roba da matattun batura da wayoyin lantarki. Wasu robobin, irin na bututun ruwa da rigar waya, suna da sinadarin kulorin, kuma ƙona su na haifar da dayoksin, ɗaya daga cikin mafi munin gubar da aka sani. Dayoksin ba ya narkewa a ruwa, kitse yake bi. Kaza ta yi tono a ƙasa mai shi, ya taru a ƙwanta. Akuya ta yi kiwo, ya fito a nononta. A 2019 an gwada ƙwan kajin da ke yawo a Agbogbloshie ta birnin Accra, inda a lokacin ake ƙona wayoyi don ciro jan ƙarfe, aka sami dayoksin da ya ninka abin da jikin mutum zai iya ɗauka nesa ba kusa ba.

Masu goyon bayan gawayin gona za su ce ai shi ma yana ɗaure ƙarafa, har ana amfani da shi wajen gyara gurɓatacciyar ƙasa. Haka ne, amma ba duka yake ɗaurewa ba. Luke Beesley da abokan aikinsa a Ingila sun zuba shi a gurɓatacciyar ƙasa a wani gwaji da aka wallafa a 2010: kadmiyom da zinki sun ragu a ruwan ƙasar, asanik da jan ƙarfe kuwa suka ƙaru. Wannan abin lura ne ga mai noman shinkafa, don shinkafar da ke tsaye cikin ruwa ta fi yawancin hatsi zuƙar asanik. Kuma ɗauri ba kashewa ba ne. Gawayi yana tsufa, ƙasa na iya sake yin tsami bayan shekaru ana zuba mata yuriya, abin da aka ɗaure ya fara kwancewa.

Mun riga mun ga abin da fitar da ƙarfe daga ƙasa ke ci. A 2010 gubar dalma daga duwatsun zinariya da ake niƙawa a cikin gidaje ta kashe yara fiye da 400 a ƙauyukan Zamfara. Ba gawayi ne ya jawo wannan ba, amma darasin ɗaya ne: babu maganin da aka fesa ƙasar ta warke. Sai da aka bi gida-gida ana kankare saman ƙasa ana kwashewa, ana kawo sabuwa. Abin da aka yi wa tsakar gida da ƙyar, wa zai yi wa gona mai kadada biyar?

Yaya aka ƙona shi?

A 1775 wani likita a Landan, Percivall Pott, ya lura cewa maza masu share bututun hayaƙin gidaje tun suna yara suna yawan kamuwa da ciwon daji a fatar maraina. Ya ɗora laifin a kan kunkunniya, kuma ya yi daidai. Daga baya aka gano masu laifin: wani dangin sinadarai da ke samuwa duk inda abu ya ƙone bai cinye ba, waɗanda masana ke taƙaita sunansu da PAH. Suna cikin kwalta da hayaƙin taba da baƙin da ke manne a rufin ɗakin girki. Ɗaya daga cikinsu, benzopirin, yana sahun farko a jerin abubuwan da hukumar binciken ciwon daji ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta tabbatar suna haddasa cutar ga mutum.

Yin gawayi kuwa ainihinsa ƙonawa ce da ba a bari ta cinye ba, don haka waɗannan sinadarai dole su samu. Abin tambaya shi ne ina suka tafi. In tururin da ke fita daga itacen ya sami hanya ya fice ya ƙone, gawayin zai fito da tsabta. In aka toshe shi ya huce a kan gawayin, sai ya koma ya lafe a ramukansa. Sarah Hale ta wata cibiyar bincike a Norwe ta jagoranci gwajin gawayi iri fiye da 50, aka wallafa a 2012. Waɗanda aka gasa a hankali, PAH ɗinsu bai kai miligiram 4 a kilo ba. Wani da ya fito daga injin da ke mai da itace iskar gas kuwa ya kai miligiram 45. Ma'ana, yawancin gawayin da aka yi da kyau ba abin tsoro ba ne, amma tsakanin mai kyau da marar kyau akwai rata mai faɗi, kuma dukansu baƙaƙe ne a ido.

Mai aikin yana da haɗarinsa tun kafin gawayin ya isa gona. Hanyar da masu gawayi suka saba, a jera itace a rufe da ciyawa da ƙasa a bar shi yana cin kansa kwana da kwanaki, tana fitar da hayaƙi mai kauri da iskar kabon monoksaid. Wannan iska ba ta da launi, ba ta da wari, kuma tana kama jini fiye da iskar numfashi sau 200 da ɗoriya. Ita ce ke kashe masu kwana da kaskon wuta a rufaffen ɗaki lokacin hunturu. Irin wannan rami yana kuma fitar da iskar metan, wadda ƙarfinta wajen ɗumama duniya ya ninka na kabon dayoksaid kusan sau 28 a tsawon shekara 100. Gawayin da aka yi da sunan ceton yanayi, in ta wannan hanya aka yi shi, hayaƙinsa na iya cinye babban rabo na ribar da ake ƙirgawa.

Akwai hanyar da ta fi, kuma ba ta buƙatar inji. A 2014 cibiyar Ithaka ta Suwizalan ta fito da kaskon da ta kira Kon-Tiki, wanda ana iya haƙa irinsa a ƙasa: rami mai faɗin baki da tsukakken gindi, a kunna wuta, a riƙa zuba kara kaɗan-kaɗan, harshen wutar da ke sama yana cinye hayaƙin da ke tasowa daga ƙasa, a ƙarshe a kashe da ruwa. Sharaɗinsa karan ya bushe sarai. In da danshi, hayaƙi da metan sun dawo. Kashewar ma sai an yi ta sosai, don sabon gawayi yana iya ɗumama kansa a cikin buhu har ya kama da wuta. Dalilin da ya sa ke nan masu jiragen ruwa ke lissafa gawayi cikin kaya masu haɗari. Ba abin jinginawa kusa da rumbu ba ne ranar da aka kwashe shi.

Ƙura

A 2008 an yi wani gwaji a wata gona a lardin Kwibek na Kanada, aka watsa garin gawayi da injin watsa taki. Masu gwajin sun ƙiyasta cewa kusan kashi 30 cikin 100 bai shiga ƙasa ba, iska ta kwashe shi wajen lodi da ɗauka da watsawa. A 2016 kuma Sujith Ravi da abokan aikinsa a Amurka suka hura iska a kan ƙasa mai rairayi da aka gauraya da gawayi, suka ga tana tayar da ƙura mai laushi fiye da wadda ba a gauraya ba. Tsakuwoyin rairayin da iska ke mirginawa suna goga gawayin suna mai da shi gari.

Wanda ya san jigawar Katsina ko Damagaram ba sai an yi masa dogon bayani ba. Gona takan zauna tsirara wata shida ko bakwai, hunturu ya bi ta kanta, sannan guguwar da ke gaban ruwan farko ta zo ta yashe samanta. Gawayi ya fi rairayi rashin nauyi, shi zai fara tashi. Asara ta zama biyu: manomi ya rasa abin da ya sha wahalar yi, mutanen ƙauye kuma su shaƙe shi. Ƙura mafi laushi ba ta tsayawa a hanci, can ƙuryar huhu take sauka, da duk abin da ke manne a jikinta. A sama kuwa baƙar ƙura zafin rana take kamawa, akasin abin da aka yi aikin dominsa.

Buntun shinkafa yana da nasa hali. Ga shi tuli a bayan injinan casa na Kano da Kebbi da Jigawa, kowa na neman yadda zai rabu da shi, don haka shi ne farkon abin da ake tunanin gasawa. Kusan kashi ɗaya cikin biyar na nauyinsa toka ce, kuma mafi yawanta silika ce, sinadarin da ke cikin rairayi. A matsakaicin zafi ba ta da wata illa mai yawa. In zafin ya haura kimanin digiri 800 kuma ya daɗe, sai ta fara komawa ƙanƙararriyar silika, irin wadda ke tabo a huhun masu fasa dutse, tabon da ba ya warkewa. Tun 1997 aka sa ta a sahun farko na masu haddasa ciwon daji.

Maganin ƙura mai sauƙi ne in za a kiyaye: a jiƙa gawayin kafin a taɓa shi, kada a niƙa shi ya yi laushi, a cakuɗa shi da taki mai danshi, a binne shi a ramin shuka ko cikin kunya maimakon a watsa a sama, a rufe hanci da baki. A karkara daka da tankaɗe aikin mata da yara ne, don haka su ne za su fi shaƙa in ba a yi hattara ba. Turmin da ake daka hatsi kuma bai kamata ya ga gawayin gona ba.

Wace ƙasa?

A 2011 Simon Jeffery da abokan aikinsa sun tattara sakamakon gwaje-gwaje masu yawa, suka ga a matsakaici gawayi ya ƙara amfanin gona da kusan kashi 10 cikin 100. A 2017 suka sake lissafi da gwaje-gwaje mafi yawa, suka raba su gida biyu. A ƙasashe masu zafi ƙarin ya kai kusan kashi 25. A ƙasashe masu sanyi babu ƙari, wani wurin ma raguwa aka gani. Dalilin shi ne mafi yawan aikin gawayi rage tsami ne da ɗan abincin da ke cikin tokarsa. Ƙasar da ba ta da tsami kuma ba ta jin yunwa, babu abin da zai ba ta.

Wannan albishir ne ga jigawa mai tsami da ta gaji da noma, kuma gargaɗi ne ga wasu wuraren. Ma'aunin tsami yana tashi daga 0 zuwa 14, tsakiyarsa 7, kuma yawancin gawayin gona yana tsakanin 8 da 10, wato ɓangaren kanwa. A zuba shi a ƙasar da dama tana da kanwa, irin wadda ake samu a yankin Tafkin Cadi da ƙasar Manga, ko a filin noman rani da ban-ruwa ya fara tara wa gishiri har fari-fari na fitowa a kan kunya, sai garin neman ƙiba a samo rama. Zinki da sinadarin ƙarfe su ƙulle, saiwa ta kasa zuƙarsu, ganye ya yi rawaya alhali an zuba taki. Gawayin kashin kaji ya fi kowanne gishiri da kanwa. A wani gwaji a Amurka a 2010, da aka zuba shi da yawa, tanar da ke cikin ƙasar mutuwa ta yi, amma ta rayu a gawayin itace.

Ko a ƙasar da ta dace, sabon gawayi kan ba manomi kunya a shekarar farko. Kamar sabuwar tukunyar ƙasa yake, wadda sai ta sha ta ƙoshi kafin ta riƙe wa mai ita ruwa. Ramukansa fanko ne, sai su fara janye naitirojin ɗin da shuka ke jira. Saboda haka ake cakuɗa shi da kashin shanu ko takin juji ko fitsarin dabbobi, a bar shi 'yan makonni kafin a kai gona. Baƙar ƙasar Amazon ma ba gawayi tsura ba ce.

Wannan halin janyewa ya shafi maganin feshi. Magungunan ciyawa da ake fesa wa ƙasa kafin tsiro, irin su atirazin da masu noman masara suka sani, gawayi na kama su ya rage musu ƙarfi. Manomi ya ga ciyawa ta fito, ya ce maganin jabu ne, ko ya ninka awo. Maganin da aka kama kuma ƙwayoyin halittar ƙasa ba sa samun sa balle su narkar da shi, sai ya daɗe fiye da yadda aka saba. Ta wani gefen alheri ne, don ba zai zirara rijiya da wuri ba. Ta wani gefen kuma an ƙara kashe kuɗi, an ƙara yawan guba a gona.

Hatta alkawarin adana kabon ba a ko'ina yake cika daidai ba. David Wardle da abokan aikinsa sun binne jakunkunan gawayi da na ruɓaɓɓen ganye da na haɗin biyun a dajin arewacin Suwidin, suka bar su shekara 10. Sakamakon da suka wallafa a 2008 ya nuna haɗin ya fi saurin rasa nauyi, suka ce gawayin ne ya zuga ƙwayoyin halitta suka cinye tsohon takin dajin. Wasu masana sun ja da fassarar, kuma gwaje-gwajen baya a wasu wurare sun nuna akasin haka, gawayi na kare takin ƙasa. Abin da wannan saɓani ke nunawa shi ne kowane allazi da nasa amanu. Sakamakon wata ƙasa ba hujja ba ne a kan wata.

Ina za a samo karan?

Haɗari mafi girma ga ƙasashen Sahel mai yiwuwa ba a cikin buhun yake ba, yana wurin da aka ɗebo abin da aka gasa. Yawancin gwaje-gwajen da suka ba da sakamako mai daɗi sun zuba tan 5 zuwa 50 a kadada. A kasko mai kyau, tan ɗaya na gawayi yana cin tan uku zuwa huɗu na busasshen kara. Tan 10 ke nan yana buƙatar tan 30 zuwa 40. Gonar geron da ke ba da tan biyu na kara a kadada a shekara sai ta tara na shekara 15 zuwa 20 kafin ta ciyar da kanta sau ɗaya.

Kuma karan nan ba yasasshe ba ne. Masu lissafi daga nesa suna sa shi a layin shara, amma a ƙauye shi ne danni, shi ne rufin ɗaki, shi ne makamashi, shi ne abincin shanu da rani, har sayar da shi ake yi dami-dami. Wanda aka bari a gona ma yana bakin aiki. Binciken cibiyar ICRISAT da ke Sadore, kudu da Yamai, ya nuna karan gero da aka bari a kwance yana tare rairayin da iska ke kwashewa kuma yana ƙara amfanin gona. Gara na cinsa tana buɗe wa ruwa hanya a ƙasa mai tauri. In aka kwashe shi aka gasa, an tuɓe wa gonar riga a lokacin da ta fi buƙatarta.

In kara ya gaza, ido zai koma kan itace. Gawayin girki kaɗai ya riga ya yi wa kirya da marke da kaɗanya ɓarna. Sabuwar kasuwa mai biyan dala a kan kowane tan za ta iya ƙara wa gatari kaifi. A Jamhuriyar Nijar, manoman Maraɗi da Damagaram sun raya itatuwa kusan miliyan 200 a kadada miliyan 5 tun daga shekarun 1980, ta hanyar sassabe mai barin toho. Gawo ɗaya da ke tsaye a gona yana ba da taki da inuwa da abincin dabbobi duk shekara, kuma yana riƙe da kabon ɗinsa. Babu lissafin da zai sa sare shi don a binne ya zama riba. Irin wannan tsoro ne ya sa a 2009 ƙungiyoyi fiye da 100 suka sa hannu a wata sanarwa suna gargaɗin cewa noman itace don gawayi zai iya zama sabuwar hanyar ƙwace filayen talakawa.

Kafin a kwance bakin buhu

Wasu ƙasashe sun riga sun ja layi. Dokar taki ta Tarayyar Turai, wadda ta fara aiki a kan gawayin gona a 2022, ta ce PAH kada ya wuce miligiram 6 a kilo, kuma ta hana yin sa da lakar najasa ko cakuɗaɗɗiyar sharar birni. Nijeriya tana da dokar ingancin taki ta 2019, kuma irin wannan ido ne ya kamata ya bi buhun gawayi tun kasuwarsa ba ta yi faɗi ba: a rubuta a jikinsa abin da aka gasa, da zafin da aka yi amfani da shi, da sakamakon awon ƙarafa.

Manomi yana da nasa awon. Gawayi mai kyau ba ya warin kwalta ko hayaƙi, baƙinsa yana fita daga hannu da ruwa kawai ba sai da sabulu ba, kuma in an shuka irin latas a cikin haɗinsa da ƙasa zai tsiro kamar yadda ya tsiro a ƙasa zalla. Amma dalma da asanik ba su da wari, sai ɗakin gwaji. Shi ya sa gawayin da mutum ya yi da kansa, da ɓawon gyaɗarsa ko totuwar masararsa, ya fi wanda aka kawo masa kyauta bai san asalinsa ba. A fara da kunya biyar ko goma, a bar wasu a gefe babu komai, a duba damina biyu ko uku, a tambayi malamin gona halin ƙasar kafin a faɗaɗa.

Idan kuwa wani kamfani ne ya zo da buhunan, yana da kyau a san yadda cinikin yake. Shi ana biyansa ne a kan yawan tan ɗin da ya shiga ƙasa, ko gona ta yi kyau ko ba ta yi ba, kuma da an biya shi ya gama. Mai gona ne zai zauna da abin da aka binne. Don haka haƙƙinsa ne ya nemi takardar gwaji, ya san wanda zai ɗauki asara in amfanin gona ya ragu, kuma a rubuta wannan a gaban mai gari da shaidu tun motar ba ta sauke kaya ba.